Godiyar da Muka Koma Ɓoyewa

Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba. A da, idan aka tambaye ni daga ina nake, sai in faɗi ƙauye, in faɗi gidan da aka haife ni, har in ƙara da kwatancen tsamiyar da ke ƙofar gida don kada baƙo ya ɓata. Yanzu abin da zan iya cewa shi ne muna ƙasar Faskari, muna fita titi ta Sheme, kuma mu Kirista ne, 'yan gidaje kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi da muka tashi muna jan ruwa a rijiya ɗaya. Wanda ya san wurin ya sani. Wanda bai sani ba, ban ga amfanin da sanin zai yi masa ba, kuma idan ya cika tambaya sai in fara duban ƙafarsa in ga ko takalmin na shiga daji ne. Ba haka aka haife ni ba. Ni yarinya ce mai surutu, wadda ake aika ta karɓo gishiri ta dawo da labarin gida uku.

Lahadin ƙuruciyarmu tun ranar Asabar take farawa. Ba a daka ranar sujada, don haka Asabar da yamma turame ke kuka a kowane gida, mu 'yan mata muna luguden gero har tafin hannu ya yi ja, ana gamawa a tafi rafi wanki, a goge kaushin ƙafa da dutse, a zauna kitso ana ƙuƙƙulla kai ana kuka. Da safe kuma sai ƙarfe ya yi magana. Ƙarfen ƙafar wata tsohuwar babbar mota ne aka rataye a reshen ɗorawa, ana buga shi da guntun gatari, ƙararsa tana kaiwa har gonakin fadama. Maƙwabtanmu ma da shi suke gane lokaci. Na sha jin wata Hajiya ta bayan gidanmu tana ce wa jikokinta an buga ƙarfen su Malam, su tashi su saki awaki. Majami'ar ta ƙasa ce, rufin ciyawa, kujerun dakali ne da ke cin bayan zane. Matan zumunta, ƙungiyar matan majami'a, suna buga tulu da tafin hannu, suna kaɗa caki, maza suna bin waƙa da muryar da suke kiran shanu da ita. Ba daɗin murya gare su ba, amma ba wanda yake waƙa yana waiwaye.

Abin da na fi tunawa shi ne lokacin shaida. Kafin wa'azi, Malam mai bishara zai dafa tebur ya ce, wa Ubangiji ya yi wa wani abu a makon nan? Sai ka ga mutane suna miƙewa kamar ana rabon nama. Wani tsoho yakan gode wa Allah don jakinsa ya ɓata ya dawo, amma sai ya faro daga ranar da ya sayi uwar jakin. Mace ta gode kazarta ta ƙyanƙyashe. Manomi ya faɗi yawan damin dawar da ya ɗaure, ya faɗi rumbun da ya zuba. Wanda ɗansa ya sami aiki a birni ya faɗi irin aikin. Mai tafiya ya tashi ya ce gobe da sassafe zai kai sa kasuwar Kankara, ta hanya kaza zai bi, a sa shi a addu'a. Mu yara yunwa na cinmu, muna zungurin juna, muna roƙon Allah ya sa tsohon nan mai jaki ya yi tari ya zauna. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wannan magana za ta iya cutar da wani. A wurin iyayenmu, alherin da aka yi maka ba ka faɗe shi a gaban jama'a ba, ka karɓa ne ka juya baya ba ka ce komai ba.

Akwai wata Lahadi da ban taɓa mantawa ba. Shekarar da ƙyanda ta shigo ƙauyen ce, ta ɗauki yara gida-gida. A cikinsu har da ƙanena, wanda ni ce mai goyonsa, ni na san kukansa na yunwa da kukansa na rigima. An binne shi ranar Alhamis. Ranar Lahadi Malam ya yi tambayarsa a hankali, kamar yana jin kunyarta, kowa ya sunkuyar da kai. Sai na ga Inna tana gyara zane za ta miƙe. Na riƙe mata gefen zanen, ta cire hannuna. Ta ce ta gode wa Ubangiji da ya ba ta yaron ta goya, ta ji ɗuminsa, ta ga haƙoransa na farko. Ta ce ba ta gane abin da Allah ya yi ba, kuma ba ta ji daɗinsa ba, amma ba ta da wani wurin zuwa sai wurinsa. Ta zauna. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙawata, wadda muke zama dakali ɗaya da ita, ita ta kama hannuna ta matse har aka tashi. A hanya na tambayi Inna, da fushi, me ke akwai na godiya.

Ta ce, “In na yi shiru yau, wani mako ma shiru za ni yi. Da haka da haka sai in mance yadda ake magana da shi. Ke riƙe mani mayafin ga, ki bar surutu.”

Na girma, na yi aure a ƙauyen, ƙawata ma ta yi aure a ƙauyen, rana ɗaya aka yi mana baftisma a rafi ɗaya. Muka haifi na haifa, muka binne na binnewa, mazanmu suka riga mu gidan gaskiya. Ni ma na zama mai miƙewa a lokacin shaida, kuma jikokina sun ce na cika tsawon labari, ina jin har na fi tsohon nan mai jaki.

Majami'armu ta yau ta siminti ce, rufin kwano, da benci na katako mai wurin jingina. Akwai lasifika, amma ba a kunna ta. Ƙarfen yana nan a jikin ɗorawa, ya yi tsatsa, an hana bugawa don kada a sanar da mutanen daji cewa mun taru wuri ɗaya. Muna shigowa ɗai-ɗai, samari suna tsaye a waje suna duban hanya. Shaida kuwa ba doka aka yi aka kashe ta ba, da kanta ta mutu. Wani ya tashi ya gode don masararsa ta yi kyau ya sayar da daraja. Ba a jima ba 'yan bindiga suka zo gidansa kai tsaye, ba su tsaya ƙofar kowa ba. Wata gwauruwa ta gode ɗanta ya sami aiki a Kaduna. Suka ɗauke ta, suka kira ɗan da sunansa. Wani ɗan kasuwa ya nemi addu'ar tafiya, ya faɗi rana ya faɗi hanya, aka tare shi kafin ya kai Yargoje. Daga nan wani dattijon ikilisiya ya faɗi abin da kowa ya riga ya sani a ransa, ya ce akwai kunne a cikinmu. Mu da kanmu muke tsayawa a gaban Allah muna karanta wa ɓarayi abin da ke cikin rumbunmu, ana amsawa da amin.

Tun daga lokacin muka koyi ƙarya irin ta masu tsoro. Wanda gonarsa ta yi albarka, ka gaishe shi sai ya ce bana ba a sami komai ba. Wadda ɗanta ya aiko mata da atamfa sai ta ɓoye a ƙasan akwati ta fito da tsumma. Haihuwa ma an koma yin ta shiru, ba a yanka rago a fili. Fastonmu yaro ne mai taurin kai, bai daina tambayar ba. Kowace Lahadi zai ce, akwai mai shaida? Sai a ji kukan kurciya a kan kwano. Idan ya ce mu rufe ido mu yi addu'a, ni ba na rufewa duka, ina leƙen wanda zai fita da waya a hannu. Abin dariya, duk inda na leƙa sai in haɗa ido da wata tsohuwar da take leƙena.

Sai abin ya zo gidana. Autana, wanda yake riƙe da ni tun rasuwar ubansa, 'yan bindiga suka ɗauke shi da rana tsaka a gonarmu da ke wajen Ruwan Godiya. Bai faɗa wa kowa ranar da zai je ba, don ya koyi darasin zamani. Mutum ɗaya ne ya sani, ɗan ƙawata, ɗan acaɓa, wanda ya ɗauka ya kai masa buhuna gonar kwana ɗaya kafin nan. Na fara haɗa abubuwa, kuma duk abin da na ɗauko sai ya zauna daidai. Yaron a bencin bakin ƙofa yake zama. Wayarsa tana yin motsi zai zabura ya fita, ko ana tsakiyar wa'azi. Ya rame, ba ya haɗa ido da mutane. Matarsa mai ciki kuma an ce ta tafi gidan iyayenta a Sabuwa goyon ciki, tun cikin bai yi nauyin da za a tafi ba; na ce a raina, ya kawar da tasa ne don ya san abin da ke tafe. Ƙawata ta zo yi mini jaje, ta zauna a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu ta fasa. Na ce to, ita ma ta sani. Na ba ta ruwa ban ba ta fuska ba, ba ta sake zuwa ba.

A cikin waɗannan makonni na yi wa Allah alkawari. Na durƙusa a ɗakina na ce, Ubangiji, ka dawo mini da yaron nan da ransa, ni kuma zan miƙe a gaban jama'arka in faɗa da bakina, kamar yadda aka koya mini. Ban yi shawara da kowa ba. Aka sayar da gonar, aka sayar da shanun huɗa. Alhajin da ke maƙwabtaka da mu ne ya saye su, bai taya ba, abin da aka faɗa shi ya bayar. Aka kai abin da suka nema, suka sako shi. Ya dawo ƙafafu a kumbure, baya duk shatar bulala, kuma bakinsa a ɗinke. Duk wanda ya tambaye shi yadda dajin yake, ko wa ya gani a can, sai ya tashi ya bar wurin.

Da ya sami ƙarfin zuwa sujada, ranar Asabar da la'asar na same shi a inuwar rumbu na gaya masa abin da zan yi gobe.

“Mama, kada ki yi. Ki gode mashi a ɗaki, ai shina ji.”

“A ɗaki na roƙa, amma ba a ɗaki na ce zan biya ba.”

“In kika tashi, kafin a ci tuwon rana labari ya kai daji. Za su ce mutanen ga har da sauran abin murna gare su. Sun hwaɗa mani in na buɗe baki za su sani, kuma sun san ƙofarmu. Ni ba ni iya komawa wurin can, Mama. Gara su harbe ni a nan.”

Na ce ai na san mai kai labarin, a bakin ƙofa yake zama. Ya ce in bar zancen yaron nan. Na tambaye shi dalili, ya tashi ya shige ɗaki.

Na zauna ina juya abin a raina. Idan na yi shiru na ci alkawarin Allah, a kan ɗan da ya dawo mini da shi. Idan na tashi, wataƙila da bakina zan mayar da ɗan inda aka fito da shi, kuma wannan karon ba gona ba shanu. Na so ƙwarai in sami wata dabara ta tsakiya, irin su raɗa wa Fasto a kunne bayan an tashi. Amma na san abin da na faɗa a durƙushe, kuma na san wanda na faɗa wa.

Da safe na ɗauko atamfar da na daɗe da ɓoyewa na ɗaura. Autana ya gan ni, ya bi ni a baya. Aka yi waƙa ƙasa-ƙasa, aka yi baiko, kowa ya sa sadakarsa. Fasto ya yi tambayarsa, ya riga ya fara buɗe wurin karatu don ya saba ba mai amsawa. Na dafa benci na miƙe. Na ji wata ta ja numfashi a bayana.

Na ce, “Na gode ma Ubangiji. An ɗauki ɗana, na yi kuka gare shi, ya maido mani da shi da rai, ga shi nan zaune. Na yi alkawarin in hwaɗa, na hwaɗa.” Da na tsaya a nan da ya isa, amma bakina ya saba da ƙari. Na juya na dubi bencin bakin ƙofa. “Mai kai labari, in kana nan, ka kai shi daidai. Gona ta tahi, shanu sun tahi. Abin da ya rage tsohuwa ce da akuya da Allahnta. Ban san ka ba, amma shi ya san ka.”

Na zauna. Ɗan ƙawata bai ɗago kai ba. Na jira in ga ya fita, bai fita ba. Uwarsa ce ta miƙe, ƙawata, wadda muka yi wata da watanni ba mu wuce ina kwana ba. Ta riƙe bayan benci da hannu biyu.

Ta ce, “Ni ba godiya na tashi yi ba, roƙo ne. Surukata ba ta kai Sabuwa ba. A hanya aka sauke su daga mota. Sun ce in gari ya ji za su kashe ta, shi ya sa muka ce tana gidansu. Su ne ke kiran yaron ga a waya. Yanzu sun daina kira, ba mu sani ba ko tana da rai. Mun gaji da ɗaukar abin ga mu kaɗai. Ku yi muna addu'a.”

Ba wanda ya motsa. Na ji kunya ta rufe ni, amma gaskiya zargin bai sake ni duka ba. Wani gefen zuciyata yana cewa, wanda aka riƙe masa mata ai shi za a fi sa wa ya kai labari. Ina cikin wannan sai na ji benci ya motsa a gefen maza. Autana ne ya tashi. Ya soke hannu cikin aljihu.

“Tana da rai,” ya ce. “Ranar da aka sako ni na baro ta da rai. Wuri ɗaya aka aje mu. Ita ke dahwa muna abinci, ita ta riƙa wanke mani baya da ruwan zahi. Ta ce in hwaɗa maku, ni kuma na ji tsoro.”

“Da idonka ka gan ta?” in ji ƙawata.

“Da idona, Mama.”

“Cikin fa?”

“Shina nan. Ta ce shina motsi.”

Mijinta, ɗan ƙawata, ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula. Mata suka fashe da kuka. Ni ban yi kuka ba, fuskoki nake dubawa ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda bai girgiza ba, ko wanda ya girgiza fiye da kima. Duk mutanen da na sani ne tun suna goye, ban ga komai ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ɗauke shi. Godiyata ƙaramin abu ce idan aka gwada da abin da yaron nan ya faɗa, don shi ne ainihin abin da aka hana shi faɗa, kuma ni na buɗe masa hanya. Fasto ya sa aka yi addu'a mai tsawo, aka ambaci matar da sunanta a fili.

Da aka fito, ƙawata ta zo ta tsaya kusa da ni. Ba ta yi mini gori ba. Ɗanta ya turo babur ya tsaya gaban autana. Ya ce uwar matarsa tana can Sabuwa ta daina cin abinci, ta riga ta sa a ranta cewa ɗiyarta ta mutu. Irin wannan magana ba a yin ta a waya, kuma ba za ta yarda ba sai ta ji daga bakin wanda ya gani. Yana roƙo su tafi tare yanzu, su dawo kafin rana ta faɗi. Hanyar ita ce dai wadda aka sauke matar a kanta.

Autana ya juyo wurina. Jama'a duk suna tsaye a filin majami'a, kowa da kunnensa, wasu da waya a aljihu.

“Mama, in tahi?”

Na dubi ƙeyar mai babur, yaron da har wannan lokacin ban gama wanke shi a raina ba. Na dubi ƙafafun ɗana da ba su gama sacewa ba. Ba ni da tabbacin komai, kuma Allah bai yi mini alkawarin cewa wanda ya gode masa ba za a sake taɓa shi ba. Na san dai wanda ya fito da shi daga dajin, kuma ba wayona ba ne.

Na ce, “Tahi. Ubangiji shi kai ku Sabuwa lahiya, shi maido mani ku.”

Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. Ya hau bayan babur ɗin suka tafi.